Babban Zunubin Alhaji Cindo

Daga Bagudo har bakin iyakar Benin, ba a taɓa yin mai tuba irin Alhaji Cindo na Lolo ba. Masu tuba kam suna da yawa, musamman tun da Shari'a ta zo, amma yawancinsu ƙananan masu laifi ne: wannan ya tauye mudu, wancan ya yi fashin Asuba, wani ya ɗan leƙa gidan giya a tsallake. Irin waɗannan a ɗaki suke tuba su yi shiru, don ba su da abin nuna wa jama'a. Shi kuwa Alhaji zunubinsa babba ne, na kece raini, kuma ya san darajarsa. Yana kula da shi yadda saurayi ke kula da sabon babur, kowace Juma'a sai ya goge shi ya fito da shi an gani. Shi ya sa ake masa kirari da Sarkin Tubabbu, wasu kuma su ce Tsohon Kada, kuma duka biyun yana amsawa da sunkuyar da kai irin ta wanda yabo ya yi wa kaɗan.

Zunubin nan kuwa jita ce.

Bayan yaƙin basasa, faya-fayen Turawa suka fara shigo mana ta Kwatano tare da atamfa da taba. Samari suka haukace da wani kiɗa na jita mai lantarki da ake kira rok, wanda ake kaɗawa da ƙarfi ana girgiza kai kamar an ci barkono. Cindo ɗan babban ɗan kasuwa ne. Mahaifinsa ya aike shi Kwatano da lodin bandar kifi, ya dawo da jita biyu, da ganguna, da akwatin sauti, da lasifika, da janareto. Tsohon ya yi faɗa har ya gaji, kayan dai sun riga sun shigo gida.

Cindo ya tara mutum uku. Akwai Gidaɗo, wani siririn Bafulatani daga Kurgu da ya tashi da garaya a hannu, aka ba shi jita ta biyu. Akwai Ango, ɗan gidan makaɗan kalangu, aka zaunar da shi bayan ganguna. Sai Lauwali, ɗan masunta, wanda muryarsa ke tsallake kogi in ya kira jirgi, aka ce shi zai yi waƙa. Suka sa wa kansu suna Kadojin Kwara. Ba a yi zaɓen shugaba ba, tunda an san mai janareto.

Sunan Cindo ma ba a banza ya zo ba. An haife shi da ɗan yatsa na shida a hannun hagu, wani ɗan tsiro da ba ya lanƙwasa ba ya kama komai. Amma shi ya ce ku duba ikon Allah: jita tsirkiya shida gare ta, shi kuma yatsa shida. A lokacin yana kiran wannan baiwa. Daga baya ya koma kiran sa jarrabawa, amma har yau sai ya ɗaga yatsan sama in yana bayani.

A faɗi gaskiya, Kadoji sun yi tashe. Sun kaɗa a Illo, sun kaɗa ranar kasuwar Lolo, sun tsallaka Malanbil da Gaya, sun gangara har Faraku. Cindo ne a gaba, da wando mai faɗin ƙafa da gashi buzu-buzu, ido a rufe, yana tsalle yana durƙusawa yana yarfa jita. Gidaɗo kullum can baya yake, a raɓe jikin lasifika, kansa a ƙasa. Sun yi kaset guda, wanda waƙarsu "Kifi Ya Ƙi Taru" ke ciki, kuma duk wanda ya yi samartaka a bakin kogin nan a lokacin ya san ta. Sai soja suka rufe iyaka, tsohon ya rasu, janareto ya faɗa rabon wani ɗan'uwa. Gidaɗo ya koma wa shanunsa, Lauwali ya koma wa jirginsa, Ango ya koma kalangun bukukuwa. Cindo ya shiga fataucin shinkafa, ya aske gashi, ya je Makka, aka manta da shi kamar kowane alhaji.

Mantuwar nan ita ta fi ci masa rai, sai Allah ya kawo Shari'a.

Ranar da dattawan Lolo suka zauna kafa kwamitin gyaran tarbiyya na gari, Alhaji Cindo ya miƙe a ƙofar masallaci ba wanda ya kira shi. Ya ɗaga hannun hagu.

"Jama'a, ku dubi wanga hannu da kyau," in ji shi. "Shi yab ɓad da mutane tun daga Illo har Faraku. In nat taɓa tsirkiya, mata na barin tukunya bisa wuta. Samari na wuce masallaci ba su san sun wuce ba. Aure nawa anka kashe sabili da ni, Allah kaɗai yas sani. Garin da nas sauka, Shaiɗan hutu shika ɗauka, don ya san aiki na hannu mai kyau. Amma yau ga ni, na tuba."

Ya fashe da kuka. Jama'a suka yi kabbara. A nan take aka ba shi shugabancin kwamiti, don wa ya san sharrin kiɗa kamar wanda ya ba Shaiɗan hutu? Daga ranar wannan jawabi ya zama abincinsa. Da shi ake ba shi gaban sahu, da shi ake gayyatar sa wa'azi Bagudo da Kaoje, da shi yara ke nuna shi a hanya. Kuma zunubin yana da albarka, yana ƙaruwa. Shekarar farko a Faraku ɓarnar ta tsaya. Ta biyu ta kai Kwatano. Kafin a ankara, har matan Abijan sun fara barin tukunya.

Mai irin wannan tarihi ba ya aikin wasa. Malaman gari sun ce a hana caca da giya da rawar banza, Alhaji ya ce su ba su san abin ba, daga tushe ake kamawa. Aikinsa na farko, ya shiga wani gidan suna da rana tsaka, ya tarar da Ango yana kaɗa wa mata kalangu. Ya karɓe, ya sa wuƙa ya farke fatar a gaban mutane, ya ce tsohuwar abota ba ta hana gaskiya. Kalangun nan na kakan Ango ne, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Tun daga nan Ango ya koma dako a kasuwar Lolo, da furfurarsa, yana ɗaukar buhunan shinkafa, wasu ma na Alhaji ne. Ita kuwa jitar Alhaji tana nan rataye a falonsa, a goge tas. Ya ce shaida ce, kuma duk baƙon da ya zo sai an nuna masa shaida.

Ana nan sai wani saurayi mai suna Mansur, mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo a Malanbil, ya tsinci tsohon kaset ɗin Kadoji cikin tarkacen wani mai shago. Ya sa "Kifi Ya Ƙi Taru" a iska. Cikin wata guda 'yan kabu-kabu suka ɗauka, masu kwafar kaset suka ɗauka, waƙa ta tsallako iyaka ba wanda ya tambaye ta takarda. Kwamitin Alhaji ya shiga kamen kaset. Kowanne aka kama sai Alhaji ya saurara daga farko har ƙarshe don ya tabbatar da laifi, yana kaɗa ƙafa cikin baƙin ciki. In ya gama sai ya dubi mai kaset ya ce, "Yaro, ka san wa yak kaɗa wagga jita?"

Mansur ya zo Lolo da kansa. Ya ce mutane na roƙo a tara Kadojin Kwara su kaɗa ko sau ɗaya a filin ƙwallo na Malanbil, inda dokar wannan ɓangare ba ta kai ba. Ya riga ya ga sauran ukun, sun yarda. Alhaji ya yi masa wa'azi tun daga La'asar har rana ta yi ja, ya ce ko da wasa kada a ƙara kawo masa wannan magana. Mansur ya ba da haƙuri, ya miƙe, ya ce to ba komai, su ukun ma za su wadatar. Alhaji ya ce ya ɗan zauna tukuna, ba a yanke hukunci cikin gaggawa.

Washegari ya tara kwamiti.

"Na yi nazari," in ji shi. "Yaran yanzu jin labarin wuta kawai sunka yi, ba su gan ta ba. Za ni tahi in nuna musu ita. In kaɗa, in kaɗa, sai na ga hankalin kowa ya gushe, mata na faɗuwa, maza na yage riga. Daidai nan sai in ɗaga jita sama, kiɗi shi mutu. Cikin wannan shiru za ni yi wa'azin da ba a taɓa yi ba ƙasar Benin. Ku taho ku shaida. Amma kowa shi riƙa auduga shi toshe kunne, don ba kowa ka iya jin hannuna shi koma gida da imaninai ba."

Kwamiti ya yi kabbara. Mansur ya nemi a yi gwaji kafin ranar, Alhaji ya ce gwaji a ƙasar Shari'a saɓa doka ne, kuma ma mai koyo ke gwaji.

To a nan dole in gaya muku wani abu da mutum uku kawai suka sani a duniya. Ranar da Kadoji suka fara haɗa kaya a zauren mahaifin Cindo, shekaru aru-aru da suka wuce, an kunna janareto Cindo ya taɓa jitarsa, sauran suka dubi juna. Mutumin bai iya ba, kuma ba irin rashin iyawar da koyo ke gyarawa ba ne. Amma kaya nasa ne, in ya yi fushi kowa ya koma gida. Gangunan Ango suna kusa da akwatin sauti, sai ya miƙa ƙafa ya ɗan zaro wayar Cindo da babban yatsa, yadda za a gan ta a maƙale amma ba ta ɗauke da komai. Sautin Gidaɗo kaɗai ya rage a lasifika. Cindo ya lumshe ido ya ce, "Yauwa, yanzu hannuna ya zauna." Daga ranar zaro wayar nan ta zama aikin Ango kafin kowane wasa, kamar ɗaure ganga. Jita mai lantarki kuwa in ba ta haɗe da akwati ba ta da murya, ga rurin janareto, ga ihun jama'a. Haka Cindo ya yi zamaninsa duka yana jin yatsun Gidaɗo yana yaba wa nasa.

Ranar wasa Lolo ta tashi kaf. Mutanen Illo da Kurgu da Bagudo suka cika kabu-kabu da jirage, kowa na cewa kasuwa zai ci a tsallake. Bayan La'asar filin ƙwallo ya cika maƙil. 'Yan kwamiti suka yi sahu a gaba da audugarsu. Alhaji ya hau dandamali da babbar riga da rawani da jita a wuya, yana ɗaga wa jama'a yatsa na shida.

Gidaɗo ya matsa kusa da Ango ya yi ƙasa da murya. "Ango, ka tuna da waya hwa."

Ango yana gyara sandunansa, bai ko ɗago ba. "Wace waya?"

"Wayar Alhaji mana. Ga ta nan daidai ƙahwarka."

"Ai ni na tuba, Gidaɗo," in ji Ango. "Yaudara haramun ta. Shi yac ce muna."

Ya buga sanduna, aka fara.

Abin da ya fito daga lasifikokin nan ba shi da suna. Mafi kusa da shi shi ne ƙarar kwanon rufi in ana jan sa a kan siminti. Jarirai suka tsala kuka a bayan uwayensu. Jakunan masu kaya da ke ɗaure bayan fili suka amsa. Lauwali ya buɗe baki zai ɗauki waƙa, ya rasa inda zai kama, ya rufe. 'Yan kwamiti suka ƙara tura auduga ciki, wannan karon da ikhlasi. Mata kam sun fara ja da baya, amma ba wadda ta faɗi.

Alhaji ya buɗe ido. Shi ma ya ji, kuma nan take ya gane mai laifi. Ya matsa bakin makirufo, yadda fili duka zai ji adalcinsa.

"Gidaɗo, tsufa ya kama ka. Aje hannunka, kana ɓata min kiɗi."

Gidaɗo ya saki jitarsa, ya mai da hannuwa baya a gaban kowa. Ango ma ya ajiye sanduna. Fili ya zama na Alhaji shi kaɗai, shi da yatsunsa shida, kuma kwanon rufin nan ya ci gaba da tafiya a kan siminti. Alhaji ya ƙara ƙarfi. Ya durƙusa, ya miƙe, ya girgiza kai har rawani ya karkace. Wani tsohon masunci kusa da ni ya ce shi dai ya ji Kadoji da kunnensa a Gaya, kuma ba wannan ba ne.

Mansur ya ga aikinsa na neman tafiya. Ya ruga wurin mai kula da na'ura, aka murɗe sautin jitar Alhaji har ya mutu, ya yi wa Gidaɗo alama da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa. Gidaɗo ya sunkuyar da kai ya taɓa tsirkiya. Sai ga "Kifi Ya Ƙi Taru" ta fito yadda take a kaset, har ta fi. Ango ya shigo, Lauwali ya saki murya, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Tsofaffin da suka zo da sanda suka jingine ta. Matan da suka yi jika suka ɗaure gyale a ƙugu. Har wani ɗan kwamiti na gani ya cire audugar kunne ɗaya, wai don ya ji ko an kira salla.

Alhaji ya lumshe ido, murmushi ya dawo masa. Hannu ya zauna. Ya bar su suka yi nisa, yana leƙen su ta ƙasan ido, har ya tabbata hankalin kowa ya gushe yadda ya yi alkawari. Sai ya cire jita daga wuya, ya kama ta da hannu biyu, ya ɗaga ta sama da kansa, ya tsaya cak yana jiran shiru.

Kiɗa bai tsaya ba. Daidai nan ne ma jita ta shiga wurin nan mai daɗi da 'yan kabu-kabu ke bi da fito, tana hawa tana sauka, ga tasa kuma a sama tana kallon gajimare ba mai taɓa ta. Alhaji ya dubi jitar. Ya dubi lasifika. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a duk zamanin Kadoji, don shugaba ba ya kallon baya: ya waiwaya. Ya ga yatsun Gidaɗo guda biyar suna gudu a kan tsirkiya. Ni dai na ji tausayinsa a wannan lokaci, don ban taɓa ganin fuska ta tsufa da sauri haka ba. Ya daɗe da jita a sama, ya rasa yadda ake sauke ta. Wa'azin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Benin har yau ba a yi shi ba.

Kafin mutane su gama tsallakowa gida labari ya riga su. Ranar kasuwa ba abin da ake yi sai shi, har masu awo suna dariya suna cika mudu. Mansur ya sanar a rediyo cewa an gayyaci Kadojin Kwara su uku zuwa Gaya da Kandi. Kwamiti ya zauna ba tare da shugabansa ba, aka yanke cikin ladabi cewa kujerar tana buƙatar wanda ya san sharrin kiɗa da gaske. Alhaji ya shige gida ya ce zazzaɓi.

Limamin gari kuwa mutumin kirki ne, ba ya dariyar kowa, kuma ya ɗauki maganar da gaske. Shekaru yana jin Alhaji na kuka da nauyin da ke wuyansa, abin yana damun sa har cikin addu'a. Ya kira Ango da Gidaɗo da Lauwali ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su tsakaninsu da Allah, maganarsu ta zo ɗaya. Ranar Juma'a ya aika a taho da Alhaji ko da zazzaɓin. Bayan an sallame ya tsai da jama'a, fuskarsa cike da murna.

"Jama'a, ina da albishir," in ji Liman. "Mun yi bincike, shaidu ukku sun tabbatas. Ɗan'uwanmu Alhaji Cindo, dut tsawon zamanin nan, ba wanda yat taɓa jin jitatai. Matan da sunka bar tukunya, da samarin da sunka wuce masallaci, da auren da anka kashe, ba ko ɗaya bisa wuyanai. Allah ya tsare shi bai sani ba. Ku taya shi murna."

Masallaci ya ɗauki kabbara. Mutane suka yi layi suna kama hannunsa, wannan ya ce barka da arziki, wancan ya ce ashe kai waliyyi ne tun kana yaro. Ango ma ya zo a layi, ya yi masa barka da hannu biyu. Alhaji yana amsawa da kai kawai, gumi na bin rawani. Da layi ya ƙare ya matsa kusa da Liman, muryarsa na rawa.

"Allah shi gafarta Malam, a dai ƙara bincike. Ko can wajen Faraku, ko mutum guda ba ni ɓatar ba?"

Liman ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi, don ya zaci tsoron Allah ne ke sa shi rawar murya.

"Kwantad da hankalinka, Alhaji," in ji shi. "Ko guda."

Mutum biyu ne suka riƙe shi zuwa gida, kuma waɗanda suka gamu da su a hanya sun tsaya sun tambayi wa ya rasu.